Kumfar kashe gobara daga tsirrai: za ta iya da wutar fetur?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin kwana-kwana ne, shekarata tara a bakin aiki. Kwanan nan a wajen wani horo aka ce mana kumfar da muke fesawa a kan wutar mai tana ɗauke da gubar da ba ta ruɓewa, tana zama a ƙasa, tana zama a jinin mutum. Aka kuma ce a Amurka sun fara haɗa wata da waken suya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, abin da ake yin awara da shi, ta yaya zai kashe wutar tankar fetur? In kuwa yana kashewa, me zai hana mu haɗa tamu a nan, tunda ga waken, ga kuma aduwa da iyayenmu ke wanki da ita?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara tsare ku a wannan aiki, ɗan'uwa. Abin da aka faɗa muku a wajen horon gaskiya ne, kuma na ji daɗi da maganar ta fara isowa ga masu riƙe tiyo da hannunsu, domin ku ne kumfar ke jiƙa wa kaya da fata. Tambayoyi uku ka haɗa wuri guda: ko tsohuwar kumfar na da illa, ko ta tsirrai za ta iya aikinta, da kuma ko za mu iya haɗa tamu a gida. Ni ilimin sinadarai na karanta, kuma na daɗe ina gwada ruwan kumfa ga wuraren ajiyar mai, in ɗebo daga durom in duba ko yana nan da ƙarfinsa. Da abin da na gani a wannan aiki zan amsa maka. Illar tabbas ce. Ta tsirrai tana aiki, amma ba a kan kowace wuta ba, kuma ba da irin fesawar da kuka saba ba. Haɗawa a gida kuwa abu ne mai yiwuwa, in dai an fara daga inda ya kamata.

Me kumfa ke yi wa wuta?

Ka riga ka sani a aikace, amma bari mu shimfiɗa shi domin sauran bayanin a kansa ya dogara. Ba ruwan fetur ɗin ne ke ci da wuta ba, tururin da ke tashi daga samansa ne. Fetur kuwa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da tururin da zai kama, balle a zafin bazara irin namu. In ka watsa ruwa zalla, ruwan ya fi man nauyi, sai ya nutse, man ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara. Duk mai suyar ƙosai da kaskonta ya taɓa kamawa ta san abin da ruwa ke yi wa mai mai ci.

Kumfa ruwa ce da aka cusa wa iska har ta fi man sauƙi. Sai ta kwanta a kansa kamar bargo, ta danne tururin, ta raba shi da iska, ruwan da ke cikinta kuma ya riƙa tsatsafowa yana sanyaya ƙarfen da ya yi zafi. Abin da ke cikin durom ɗinku ɗan kaɗan ne a haɗin. In na kashi 3 cikin 100 ne, a lita 1,000 lita 30 ce kawai tasa, sauran 970 ruwa ne. Aikin wannan lita 30 shi ne ta sa ruwan ya yi kumfa, ta kuma hana kumfar mutuwa a kan mai da zafi.

Da tsirrai aka fara

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kumfar tsirrai ba sabon abu ba ce. Wani injiniya ɗan Rasha mai suna Aleksandr Loran ne ya ƙirƙiro kumfar kashe gobara a 1902 a birnin Baku, inda rijiyoyin mai ke yawan kamawa. Irin kumfar wancan zamani ana haɗa wani gishiri ɗan'uwan kanwa da alam, irin wanda ake tace ruwa da shi, sai su tafasa su fitar da iska. Abin da ke riƙe kumfar kada ta faɗi kuwa daga tsiro yake, ko dai saiwa mai zaƙin nan da Larabawa ke kira irƙus-sus, ko kuma safonin, sinadarin da ke sa wasu itatuwa kumfa kamar sabulu.

Waken suya ma ya shiga tun tuni. Percy Julian, masanin sinadarai baƙar fata na Amurka, ya yi aikin fitar da furotin daga waken suya a kamfanin Glidden da ke Chicago. Da wannan furotin aka haɗa kumfar Aer-O-Foam da sojojin ruwan Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, har suna yi mata laƙabi da miyar wake. Kuma in ka tsaya kusa da mai awara lokacin da madarar waken ke tafasa, za ka ga kumfar da ke tasowa har sai ta kwashe. Furotin da safonin na waken ne ke yin ta. An kuma riƙa dafa ƙaho da kofato ana fitar da furotin ɗinsu, shi ne baƙin ruwan kumfa mai wari da wataƙila ka tarar a tsofaffin durom.

Waɗannan kumfofi suna da kauri, suna jure zafi, amma suna da nawa wajen bazuwa. A shekarun 1960 cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka da kamfanin 3M suka fito da wata sabuwar kumfa mai suna AFFF, mai ɗauke da sinadaran fulorin. A Yulin 1967 gobara ta tashi a jirgin ruwan yaƙi mai suna Forrestal ta kashe mutum 134, bayan haka AFFF ta zama ka'ida a jiragensu, daga nan ta bazu zuwa filayen jiragen sama da matatun mai na duniya. Bai kamata a manta ba cewa ta ceci rayuka masu yawa. Don saurinta aka rungume ta.

Sirrin saurin yana da sauƙin fahimta. Saman kowane abu mai ruwa-ruwa yana da wani tsauri kamar fata, shi ya sa ƙwari ke tafiya a kan kududdufi ba su nutse ba. A ma'aunin masana, tsaurin ruwa 72 ne, na fetur kimanin 20. Sabulu da danginsa suna sauko da na ruwa zuwa tsakanin 25 da 30. Sinadaran fulorin kuwa suna sauko da shi har wajen 16, ƙasa da na man. Saboda haka ruwan da ke tsatsafowa daga AFFF ba ya nutsewa nan take, shimfiɗuwa yake a saman fetur kamar siririn mayafi, ya riga kumfar isa gaba. Fulorin kuma ba ya jituwa da mai, don haka ko an buga kumfar cikin man da ƙarfi, za ta taso ba ta kwaso shi ba. Babu wani sinadarin tsiro da ke yin waɗannan abubuwa biyu. Duk wanda ya ce maka kumfar tsirrai daidai take da AFFF ta kowace fuska, talla yake yi maka.

Matsalar ita ce abin da ya ba fulorin ƙarfi a gaban wuta shi ne ya hana shi ruɓewa. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da fulorin yana cikin mafi ƙarfi da aka sani, rana ba ta warware shi, ƙwayoyin halittar ƙasa ba sa cinsa. Wannan dangin sinadarai ne ake kira PFAS. Suna bin ruwa su sauka rijiya, suna shiga kifi, in sun shiga jinin mutum kuma sai su shekara da shekaru. An danganta wasunsu da sankarar ƙoda da ta maraina, da matsalar maƙoƙo, da raunin garkuwar jiki. A 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya PFOA, ɗaya daga cikin dangin PFAS, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, wadda Najeriya da Nijar duk suna ciki, ta taƙaita PFOS, wani ɗan dangin, a 2009, ta sanya PFOA cikin jerinta a 2019. A Ostireliya garuruwa irin su Oakey da Williamtown da Katherine sun tarar da ruwan ƙasarsu ya gurɓace daga sansanonin jiragen soja, kuma yawancin irin wannan gurɓata daga filayen atisaye take, inda aka shekara ana fesawa a wuri guda. A 2023 kamfanin 3M ya amince zai biya hukumomin ruwan sha na Amurka aƙalla dala biliyan 10.3. A 2024 ƙasar ta kafa iyakar nanogiram 4 a kowace litar ruwan sha ga PFOA da PFOS, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. In ka lissafa, giram ɗaya tak ya isa ya kai lita miliyan 250 wannan iyaka.

Abin da ke cikin sabuwar

Masu haɗa kumfa marar fulorin sun haƙura da mayafin nan, sun mayar da hankali ga bargon kansa. So suke ƙwayoyin kumfar su zama ƙanana, su riƙe ruwansu su daɗe, kada tururi ya samu ƙofa. A nan tsirrai ke shigowa. Akwai sinadaran wanki da ake haɗawa daga sukarin masara da man kwakwa ko man ƙwarar manja, su ne ke ta da kumfar. Akwai danƙo mai yauƙi irin zantan, wanda ake samu in ƙwayoyin halitta sun ci sukari, shi ke rage gudun tsiyayewar ruwa, shi ne kuma ke yin fata a kan wutar sifirit da dangin giya masu cinye kumfa. Sai furotin, mai ba kumfar jure zafi. Kumfar da aka ambata muku ina kyautata zaton SoyFoam ce, ta kamfanin Cross Plains Solutions da ke jihar Jojiya, wadda ake haɗawa da garin waken suya, manoman waken na Amurka kuma suka tallafa wa bincikenta da kuɗinsu.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin Japan. A girgizar ƙasar Kobe ta 1995 bututun ruwa sun fashe, gobara ta ci unguwanni ba isasshen ruwan kashewa. Bayan haka hukumar kashe gobara ta birnin Kitakyushu ta haɗa kai da jami'ar birnin da wani kamfanin sabulu mai suna Shabondama, suka nemi abin da zai sa ruwa kaɗan ya yi aiki mai yawa ba tare da ya kashe halittun kogi ba. A 2007 suka fito da kumfar da aka gina a kan sabulu, daga baya aka gwada ta a kan gobarar da ke ci a ƙarƙashin ƙasa a dazukan Indonesiya. Hikimar ita ce, sabulu in ya haɗu da ma'adinan da ke cikin ruwan kogi sai ya mutu ya daina aiki, don haka cutarwarsa ga kifi ba ta daɗewa. Amma ka lura, don wutar gidaje da itace aka yi ta. Ba su ce ta tankar mai ba ce.

A kan wutar mai, kumfa marar fulorin ta riga ta yi nisa. Filayen jiragen sama irin su Heathrow na Landan da na Copenhagen sun koma kanta shekaru da suka wuce, kuma a Janairun 2023 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ka'idarta ta irin wannan kumfa. Sai dai "marar fulorin" da "ta tsirrai" ba abu ɗaya ba ne. Yawancin waɗanda suka ci manyan gwaje-gwajen gauraye ne, wani ɓangare daga tsiro, wani daga sinadaran masana'anta. Saboda haka in an kawo muku samfuri, takardar gwajin za ku nema. EN 1568 da UL 162 su ne na kumfar wutar mai, filin jirgi kuma yana da ma'aunin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. NFPA 18 na ruwan jiƙawa ne, wato sinadarin da ke sa ruwa ya ratsa abin da ke ci, gwajinsa daban. A duba kuma da wane mai aka gwada, domin kumfar da ta yi kyau a kan kananzir tana iya shan wuya a kan fetur.

Hannunku ma sai ya sauya. Na sha ganin ƙwararrun ma'aikata sun raina sabuwar kumfa a gwajin farko, alhali matsalar daga fesawar ce. Sun saba nufar tsakiyar wuta kai tsaye, AFFF tana yafe musu. Wannan ba ta yafewa. In ka soka ta cikin man, za ta taso da shi a jikinta, bargon kansa ya kama. A jikin tanki ko bango ake buga ta ta gangaro, ko a ƙasa gaban man ta mirgina, ko a ɗaga ta sauko kamar yayyafi. Tana son bakin tiyo mai jan iska, sau da yawa tana buƙatar a zuba fiye da yadda aka saba, kuma wasu irinta suna da kaurin da na'urar gaurayawa ta mota ba za ta ja daidai ba sai an sake saita ta.

Batun aduwa

Tunaninka a kan aduwa ba shirme ba ne, akwai safonin sosai a ɓawonta da 'ya'yanta. Ni ma na taɓa jiƙa ta na tace, na girgiza a kwalba, kumfar ta tashi fara tas ta daɗe ba ta kwanta ba. Da na ɗora ta a kan fetur a ƙaramin faranti, ko wuta ban kunna ba ta fara narkewa daga ƙasa. Man yana kutsawa tsakanin ƙwayoyin kumfar yana fasa su. Gwajin faranti ne a ɗakin bincike, ba zan yanke wa aduwa hukunci da shi ba, amma ya nuna mini tazarar da ke tsakanin abin da ke kumfa a bahon wanki da abin da zai tsaya a kan mai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Safonin guba ne ga kifi da dodon koɗi. A 1964 wani masani ɗan Habasha, Aklilu Lemma, ya lura a garin Adwa cewa dodon koɗi na mutuwa a ƙasan inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro da suke kira endod, daga nan aka fara amfani da shi wajen yaƙi da tsargiya, cutar da dodon koɗi ke yaɗawa. Aduwarmu ma an san ta da wannan hali. Ko kumfar da ba ta da guba sam, in ta kwarara cikin tafki da yawa, ƙwayoyin halittar da ke cinta za su shanye iskar da ke cikin ruwan, kifi ya shaƙe. Na ga haka da idona a wani wurin kiwon tarwaɗa da ke gangaren filin da aka yi atisaye da kumfa mai ruɓewa. Bambancin dai shi ne wannan ɓarna ta kwanaki ce ko makonni, ruwan zai farfaɗo, ta PFAS kuwa jikoki za su gada. Duk da haka kowace iri ce, a tare ruwan da ya gangaro, kada a bar shi ya shiga kwata.

Sai zafi da ruwanmu. Abin da ke ruɓewa a ƙasa yana iya ruɓewa a durom. Yawancin kamfanoni suna rubuta iyakar zafin ajiya wajen digiri 49 ko 50, kwantenar ƙarfe kuwa a rana tsaka cikin Afrilu tana wuce haka. Na taɓa buɗe durom na kumfar furotin a wani wurin ajiyar mai, na tarar rabinsa ya zama laka a ƙasa, masu wurin kuma suna lissafa shi cikin kayan da suka tanada. Ruwan burtsatse mai zartsi shi ma yana karya kumfar da aka gina a kan sabulu, kamar yadda yake hana sabulun salo kumfa a wanka. Duk haɗin da za a yi a nan dole a gwada shi da ruwan da motocinku ke ɗiba, bayan ya yi watanni a zafin ɗakin ajiyarku.

A ganina inda ya kamata masu bincikenmu su fara shi ne wutar kasuwa da ta gida. Yawancin kiran da kuke amsawa na yadi ne da katifa da kwali da katako. Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko yadda dilar atamfa ke ci ta ciki ruwa na zamewa ta waje. Irin wannan wuta ba ta buƙatar fulorin ko kaɗan, abin da zai sa ruwa ya ratsa kawai take so, kuma ana zuba shi ne daga kashi 0.1 zuwa kashi 1 cikin 100. Mota mai lita 5,000 a rabin kashi ɗaya lita 25 za ta sha. A wurin da mota ke tafiya mai nisa kafin ta sake cika tanki, wannan babbar riba ce. Muna da waken suya a Binuwai da Kaduna, muna da ƙaro a Jigawa da Yobe da Borno, ga ƙaho da kofato a kowace mayanka. Kumfar atisaye ma ana iya haɗa ta a gida, a daina ɓarnatar da kumfa mai tsada mai guba don koyo. Wutar tanka kuwa, a bar ta ga abin da ya ci gwajin manyan ma'aunai. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu, ya isa ya nuna cewa man da ya malala a ƙasa ba wurin gwada sabon haɗi ba ne. A irin wannan wuri, tun kafin wuta ta tashi, bargo mai kauri da ke daɗewa a kan man shi ake buƙata, kuma nan ne kyakkyawar kumfa marar fulorin take da ƙarfi.

Kafin duk wannan, ka shiga ɗakin ajiyarku ka karanta jikin durom. In ka ga AFFF, AR-AFFF, FP ko FFFP, akwai fulorin, har waɗannan biyun na ƙarshe da aka gina a kan furotin. In an rubuta C6, ko an ce babu PFOS, nan ma akwai shi, wani ɗan gidan ne aka sauya. Marar fulorin ana rubuta mata F3 ko SFFF. Kada a gauraya tsohuwa da sabuwa a tanki ɗaya, kuma ɗauraya ɗaya ba ta fitar da PFAS daga jikin tanki da bututu. Wadda kuke da ita, in rai na cikin haɗari kuma ita ce a hannu, ku yi amfani da ita, sannan ku wanke jiki da kaya, kada a kai kayan gida a haɗa da wankin iyali. Amma a daina atisaye da ita. Wadda ta lalace a ajiye ta a inuwa a kan siminti, a rubuta abin da ke ciki, shugabanninku su sanar da Ma'aikatar Muhalli, domin lalata ta sai a tanderu na musamman mai zafin da ya haura digiri 1,100.

Ina roƙonka ka sa ido musamman a kan durom da jarkokin da suka ƙare. Na taɓa cin karo da ɗan garuwa yana tura kura, biyu daga cikin jarkokinsa da tambarin AFFF a jiki, ya ce a kasuwa ya saye su, kuma ya wanke su da omo sau uku. Wanki ba ya fitar da wannan abu daga roba. Duk wadda ta ƙare a tasharku, a huda gindinta kafin ta bar hannunku.